Yadda Ake Sa Haƙoran Roba da Gyaran Baki Idan Aljihu Ba Nauyi

Tambayar da masu karatu daga Birnin Kebbi, Jega, Argungu, Zuru da Yauri suka fi maimaitawa ita ce nawa ake sa haƙoran roba. Wani don kansa yake tambaya, wani don Inna ko Baba da tauna ta gagara har sun koma kunu da fate. Gaskiyar magana, farashin robar kanta ba shi ne ke karya mutane ba. Abin da ke cinye kuɗi shi ne yin aikin a baibai: a ɓatar da dubbai a kemis, a cire haƙorin da ciko zai ceta, a auna roba kan dasashin da bai warke ba, sannan bayan wata huɗu ta saki a koma a sake biya. Ga yadda ake jera aikin daga farko.

Mataki na 1: Tantance wanda za a fara da shi

Gidan da kuɗinsa ba ya kai kowa asibiti lokaci guda dole ya yi layi, kuma ba shekaru ko girma ke tsara layin ba. Na farko shi ne mai kumburi ko ruɓa mai fitar da mugunya. Na biyu, mai ciwon da ke hana barci. Na uku, mai kogo a haƙori wanda bai fara ciwo ba tukuna, musamman yaro. Mai giɓi da ke neman roba shi ne na ƙarshe, domin giɓi yana iya jira wata uku ba tare da wani abu ya lalace ba, amma kogo kullum faɗi yake ƙarawa, kuɗin gyaransa kuma yana hawa tare da shi.

Iyaye su lura da abu ɗaya. Turmin farko na dindindin yana fitowa ne wajen shekara 6, a can bayan haƙoran nono, ba tare da wani haƙori ya faɗi ba. Da yawa suna ɗauka na yarinta ne, famfara za ta tafi da shi, sai su ƙyale shi ya ruɓe. Wannan turmin ba ya da madadi.

Gargaɗi: kumburi a ƙarƙashin haɓa ko muƙamuƙi, tare da zazzaɓi, kasa buɗe baki, wahalar haɗiyar yawu ko numfashi, ba abin jiran kuɗi ba ne. A kai mutum sashen gaggawa a ranar, ko da dare ne. Haka yaro ƙarami mai rama da dasashinsa ke jini da ɗoyi, kuncinsa ya kumbura ko ya fara yin baƙi: alamar zaizayar baki ce, wadda ake kira noma, tana cin fuska cikin 'yan kwanaki. Akwai asibiti na musamman dominta a Sakkwato, magani kuma kyauta ne.

Mataki na 2: Kwantar da ciwo kafin ranar asibiti

Babba mai lafiya zai iya shan farasitamol ƙwaya 2 masu miligiram 500 bayan kowace awa 6, kada ya wuce ƙwaya 8 a yini da dare. Ibufurofen miligiram 400 bayan an ci abinci, sau 3 a rana, ya fi kama ciwon haƙori, amma ba na mai olsa, ciwon ƙoda ko mace mai ciki ba ne, mai asma ma sai da izinin likita. A haɗa da kurkure baki da ruwan ɗumi mai gishiri. Kanumfari yana ɗan kashe zafi na awoyi, iyakarsa ke nan.

Gargaɗi: kada a danna asfirin a kan dasashi, kada a ɗiga ruwan batir, fetur ko turare a kogo. Ƙona naman baki suke yi. In ciwon ya ɗauke bayan haka, sau da yawa jijiyar ce ta mutu, ruɓar kuma ta gangara cikin ƙashi. Kafso na kashe ƙwayoyin cuta da ake saya a kemis duk wata ba ya toshe kogo, kuɗin da ya tafi a kansa sau uku ko huɗu da ya biya ciko. Masu fitar da tsutsa daga haƙori a kasuwa kuwa, babu wata tsutsa a haƙori. Ƙwayoyin cuta ne ke juya sukari zuwa tsami, tsamin ya zaizaye haƙorin.

Mataki na 3: Zaɓi inda za ka, ka duba katin inshora

A Birnin Kebbi akwai sashen haƙori a Asibitin Sir Yahaya da kuma asibitin gwamnatin tarayya. Aikin da ya fi ƙarfinsu, kamar tiyatar muƙamuƙi mai wuya, ana iya tura shi Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Danfodiyo da ke Sakkwato. Asibitin gwamnati ya fi arha, kuɗinsa shi ne layi da jira. Mai zaman kansa ya fi sauri, ya fi tsada. Wanda ke nesa ya fara tambaya a babban asibitin garinsu ko suna da likitan haƙori da ɗakin haɗa roba, domin wani wurin ana cirewa ana wankewa amma ba a haɗa roba.

Mutum uku ne ke wannan aikin, kowa da iyakarsa. Likitan haƙori shi ke dubawa, ya yanke abin da za a yi, ya cire, ya yi ciko, ya ɗauki awon baki. Akwai ma'aikacin da ya ƙware a wankin haƙora da koyar da tsabtar baki. Sai mai haɗa roba, wanda ke aiki a ɗakin gwaji bisa awon da likita ya aika masa. Kowannensu yana da hukumar da ke ba shi lasisi, ta likitoci ita ce MDCN, wato hukumar likitoci da likitocin haƙori ta Nijeriya.

In kana da katin KECHEMA, hukumar inshorar lafiya ta Jihar Kebbi, ko na NHIA, ta gwamnatin tarayya, je teburinsu a asibitin da ka yi rajista kafin ka biya ko sisi. Dubawa, cire haƙori mai sauƙi da ciko na cikin abin da inshorar lafiya ta saba ɗauka. Hular da ake rufe haƙori da ita, gada, wato haƙorin da ake kafawa a giɓi a jikin na gefe, da dashen haƙori a cikin ƙashi ba sa ciki. Ka tambaye su ƙarara matsayin roba a tsarin da kake kai, da haƙora nawa suke ɗauka. Sashen haƙori yakan buƙaci takardar turawa da lambar izini daga asibitinka na farko. In ka tsallake wannan ka tafi kai tsaye, za ka biya daga aljihu, kuma ba a cika mayarwa ba. Sabon mai rajista ya sani akwai lokacin jira kafin kati ya fara aiki.

Gargaɗi: wanzami ko mai cire haƙori a rumfar kasuwa ba shi da tukunyar turara kayan aiki, ta nan ciwon hanta da ƙanjamau ke yaɗuwa. Ya kuma kan karya haƙori ya bar saiwa a ciki, ciro ta daga baya ƙaramar tiyata ce mai kuɗi fiye da cirewar farko.

Mataki na 4: Ranar farko, fito da lissafi a rubuce

Ka tafi da sassafe, ka ci abinci kafin ka fita, ka riƙe duk magungunan da kake sha a leda. Ka gaya wa likita in akwai ciwon sukari, hawan jini, sikila, ciwon zuciya, juna biyu, ko kana shan maganin tsinka jini. Mai ciwon sukari da bai daidaita ba gurbinsa ba ya warkewa da wuri, mai shan maganin tsinka jini kuma kada ya daina da kansa, likita ne zai tsara.

Kada kunya ta hana ka faɗin ƙarfinka. Magana ɗaya ta isa: "Ranka shi daɗe, ba ni da halin yin duka yanzu. Wanne ne ba ya jira, wanne zai iya kai kaka?" Likitoci sun saba da wannan tambayar, kuma ita ce ke sa su jera maka aikin daki-daki maimakon su ba ka jimilla ɗaya mai firgitarwa.

Ka nemi a rubuta maka kuɗin kowane abu daban: kati da ganin likita, hoton haƙori, wankin haƙora, ciko kowane ɗaya, cirewa kowane ɗaya, magani, sai roba. A wurare da yawa kuɗin robar ɓangare, wato wadda ke cike giɓin wasu haƙora kawai, yana da tushe na haƙori na farko, sannan a riƙa ƙara wani abu kaɗan kan kowane ƙarin haƙori. Saboda haka cike giɓi uku a faranti ɗaya, wato jikin robar da haƙoran ke zaune a kai, ya fi arha nesa ba kusa ba a kan yin su ɗaya bayan ɗaya. Ka tambayi zuwa nawa aikin zai ci, nawa ne kafin alƙalami, kuma ko gyaran bayan an sa yana cikin kuɗin. Ka biya a wurin biyan kuɗi na asibiti, ka karɓi rasit ka adana. Wanda da gaske ba shi da hali ya nemi ofishin jin ƙai na asibitin, manyan asibitocin gwamnati suna da shi.

Mataki na 5: Abin da za a ceta, abin da za a cire, giɓin da za a bari

A nan ne ake tsimin kuɗi na gaske. Babba yana da haƙora 32, amma ba dole ne a mayar da duk wanda ya faɗi ba. Haƙora 20 masu haɗuwa da juna, wato na gaba da ƙananan turamen da ke biye da fiƙa, sama da ƙasa, suna isar yawancin mutane tauna da magana. In abin da ka rasa turmi ɗaya ne ko biyu na can ƙurya, ragowar kuma lafiya lau, sau da yawa shawara mafi kyau ita ce a bar giɓin, kuɗin ya tafi wajen ciko da wanki. Likita zai duba ko haƙorin da ke fuskantar giɓin yana zazzagowa ko na gefe na karkata, shi ne zai sa a canza shawara.

Jerin tsada kusan ɗaya ne a ko'ina. Wanki, ciko da cirewa su ne na ƙasa. Kashe jijiya, wato cire jijiyar cikin haƙori a toshe wurin don a ceci haƙorin, ya ninka su, kuma turmin da aka kashe wa jijiya yakan buƙaci hula a kansa, in ba haka ba ya tsage. Duk wanda zai biya kuɗin kashe jijiya ya lissafa da na hula tun farko. In ba za a iya duka biyun ba, a faɗa wa likita kafin ya fara. Fara kashe jijiya a tsaya a tsakiya shi ne asara mafi ciwo: kuɗi sun tafi, haƙorin ma daga baya ya tafi.

Dattawa da yawa sukan ce a kwashe duka a huta, a sa sababbi. Kada a yi saurin yarda. Cikakkiyar robar sama tana kama ganda ta zauna, amma ta ƙasa ba ta da wurin kamawa sosai, harshe da kumatu suna ɗaga ta. Fiƙa biyu masu ƙarfi a ƙasa, ko wasu 'yan haƙora da suka rage, su ne maƙalar da za ta riƙe roba shekaru. Kuma duk inda aka cire haƙori ƙashin wurin yana lotsawa har ƙarshen rayuwa. Haƙorin da ke girgiɗi sosai ko ya ruɓe har saiwa, wannan kam a cire.

Gargaɗi: kada a auna roba kafin a yi wanki da ciko. Robar ɓangare tana tara datti a wuyan haƙoran da ta jingina da su. In an ɗora ta kan dasashi mai jini da tsatsa, cikin ɗan lokaci za ta kayar da maƙwabtan.

Mataki na 6: Cirewa da jinyar gurbi

Bayan an cire, ka ciji audugar da aka sa maka da ƙarfi na minti 30 zuwa 45, ba magana ba tofi. A awa 24 na farko ba kurkure baki, ba tsotso, ba abu mai zafi, ba taɓa wurin da harshe ko yatsa. Gudan jinin da ya daskare a gurbin shi ne murfin ciwon. Washegari ka fara ruwan gishiri: rabin ƙaramin cokali a kofi ɗaya na ruwan ɗumi, ka riƙe a baki a hankali ka zubar, bayan kowane abinci da kafin barci, har mako guda. Sauran haƙora a ci gaba da goge su.

Gargaɗi: in ciwo ya lafa sannan ya dawo da ƙarfi a rana ta 2 zuwa ta 4, yana harbawa zuwa kunne, da wari, to gudan jinin ya fita, ƙashi ya bayyana. Taba sigari da kurkure da wuri su ne manyan dalilai. A koma asibiti a wanke a sa magani, ba a ƙara ƙwaya ba. Jinin da ya ƙi tsayawa bayan an sake cizon tsabtataccen ƙyalle na rabin awa shi ma na komawa ne.

Mataki na 7: Jira dasashi ya zauna, ka tara kuɗi a lokacin

Fatar gurbi takan rufe cikin mako 2, amma ƙashin da ke ƙarƙashi yana ci gaba da ja da baya, mafi yawa a wata 3 na farko. Robar da aka auna a mako na biyu za ta yi daidai ranar da aka sa ta, bayan 'yan watanni ta fara rawa. Mafi ƙarancin jira mako 6 zuwa 8 ne. Mai son ya biya sau ɗaya ya jira wata 3.

Akwai robar da ake haɗawa tun kafin cirewa a sa ta a ranar, don kada mutum ya fita da giɓi a gaba. Tana da amfani ga malamin makaranta, mai wa'azi ko amarya, amma a sani za a biya kuɗin yi mata sabon ciki bayan wata 3 zuwa 6, wani lokaci ma sai an sake sabuwa.

Wannan jiran shi ne lokacin tari. A matsayin misali kawai, a ce an rubuta maka naira 60,000 na roba. Mako 12 ke nan, naira 5,000 duk mako, ko zubi ɗaya na adashi da aka nemi kwasarsa ta faɗo a wata na uku. Manomi ya lissafa da baya: in kuɗin shinkafa ko albasa zai shigo a wani wata, a yi cirewa wata uku kafin nan. Kada a manta da kuɗin mota, shi ne ke ba mutanen ƙauye mamaki. A ce zuwa da dawowa naira 3,000 ne, cikakkiyar roba kuma zuwa 6, naira 18,000 ke nan. In tsohuwa ce da ɗan rakiya, 36,000, ban da abinci da aikin yinin da aka rasa. Wani lokaci kwana biyu wurin ɗan'uwa a Birnin Kebbi, a roƙi likita ya matso da ranakun, ya fi arha.

Mataki na 8: Zaɓin irin robar

Roba mai tauri, ruwan hoda kalar dasashi, ita ce ta talaka, kuma ba abin raini ba ce. Ita ce mafi arha, in ta karye ana ɗinke ta a ɗakin gwaji, in wani haƙori ya sake faɗuwa ana ƙara shi a jikinta ba sai an yi sabuwa ba. Ga wanda sauran haƙoransa ba su da tabbas, babu kamarta.

Mai lanƙwasa ta fi kyan gani da daɗin sawa, ta fi tsada, amma gyaranta da ƙara mata haƙori yana da wuya. Mai ƙashin ƙarfe ta fi siranta, ta fi daɗewa, ta fi tausaya wa dasashi, sai dai tana son haƙora masu ƙarfi da aljihu mai ƙarfi. Gada ba a cire ta, amma sai an fiƙe lafiyayyun haƙora biyu na gefe. Dashe kuwa, haƙori ɗaya yana cin dubbai ɗaruruwa, ba maganar wannan jagorar ba ce.

Gargaɗi: 'yar ƙaramar robar haƙori ɗaya ko biyu na gaba, marar maƙalar waya, ita ce aka fi haɗiyewa, musamman in ta saki, lokacin shan ƙwaya, cin abinci ko barci. Tana maƙalewa a maƙoshi, ba ta cika fitowa a hoto ba, ciro ta kuma aikin tiyata ne. Ka nemi a yi faranti mai faɗi, da maƙala inda ta dace, ko da ka ga ya cika baki da farko. Kada kuma ka yarda wani ya manne maka roba a jikin haƙoranka da gam ko waya yadda ba ta fita. Abinci zai taru a ƙarƙashi, dasashi ya ruɓe, haƙoran da aka ɗaure su tafi tare.

Mataki na 9: Awo da gwaji

Robar ɓangare ta haƙora kaɗan takan ci zuwa 2 ko 3. Cikakkiya takan ci 5, sai na dubawa. A zuwan farko ana cika cokalin awo da wani ƙulli mai laushi a danna a baki na minti biyu ko uku. Ka yi numfashi ta hanci, ka sunkuyar da kai gaba kaɗan, tashin zuciya zai ragu. A na biyu ana sake awo mai kyau da cokalin da aka yi daidai bakinka. A na uku ana sa dunƙulen kakin zuma a auna yadda muƙamuƙi ke haɗuwa da tsayin cizo, a zaɓi kala da girman haƙora. A na huɗu ana gwada haƙoran a jere cikin kaki. A na biyar a ba ka.

Zuwa na huɗu shi ne naka. Haƙoran suna cikin kaki, ana iya matsar da su kyauta. Ka zo da wanda ya san fuskarka kuma ba ya jin nauyin gaya maka gaskiya. Ka duba madubi, ka yi murmushi, ka ƙirga daga ɗaya zuwa ashirin da ƙarfi, ka ji ko haƙoran suna karo da juna lokacin magana, ko leɓe ya turo, ko tsakiyar haƙoran ta kauce wa tsakiyar fuska. Mai son a bar masa wushiryarsa ta da ya faɗa yanzu. Kalar da ta fi ta sauran haƙoranka fari ita ce ke tona cewa roba ce, musamman ga mai cin goro. Da zarar an dafa robar, canji ya zama sabon kuɗi.

Kafin ka bar kujera ranar karɓa, ka sa ka cire da hannunka sau uku a gaban likita. Ba a cusa robar ɓangare da cizo, maƙalar za ta lanƙwashe.

Mataki na 10: Makonnin farko

Yawu zai yi yawa na 'yan kwanaki, baki ya ji kamar an cika shi, harafin "s" da "ts" su riƙa zamewa. Karatu da babbar murya, ko na Alƙur'ani ko na jarida, minti goma safe da yamma, yana daidaita harshe cikin mako ɗaya ko biyu. A fara da koko, fate, alale, dafaffen ƙwai, tuwo mai laushi da kifin da aka cire wa ƙaya. A yanka nama ƙanana, a raba loma gefe biyu a tauna tare, domin tauna gefe ɗaya tana ɗaga ɗaya ɓangaren. Gatsa da haƙoran gaba yana ɓalle robar sama. Rake, ƙashi, aya da ƙuli-ƙuli mai tauri a haƙura da su, goro a yanka shi da wuƙa, kilishi a jiƙa shi.

Kusan kowa sai robar ta ci masa wani wuri. Wannan ba lalacewa ba ce, gyaran minti biyar ne. In ciwon ya yi yawa a cire, amma a mayar da ita awoyi kaɗan kafin a je asibiti, don likita ya ga jan tabon ya san inda zai rage.

Gargaɗi: kada a kankare ta da reza ko a goga a dutse. Wurin da kake jin ciwo ba lallai shi ne wurin da ya yi tsawo ba, in ka ci gefen da ke kama iska robar ba za ta sake zama ba. Gyambon da ya wuce mako 2 bai warke ba bayan an gyara, ko an daina sa robar, a nuna wa likita, musamman ga mai shan taba ko sa asara a baki.

Mataki na 11: Wanki, ajiya da gyara

A cire ta kowane dare. Dasashin da ke rufe dare da rana yakan yi ja ya kama cutar fumfuna, ƙashi kuma ya fi saurin lotsawa. A wanke ta da buroshi mai laushi da sabulun ruwa marar ƙamshi, ciki da waje, a kan kwano mai ruwa, domin yawancin karyewa daga faɗuwa a siminti lokacin wanki ne. Man goge baki, gawayi da toka suna karce ta, datti ya sami wurin zama. Ruwan zafi yana lanƙwasa ta, bushewa ma haka, balle a hunturu. Ta kwana cikin ruwa mai sanyi a roba mai murfi, inda yara ba sa kai hannu. Bayan kowane abinci a ɗauraye ta, lokacin alwala ya dace da wannan. Wanda ya naɗe ta a takarda ya ajiye gefen faranti wurin walima, da bola za a kwashe.

In ta karye, a tattara gutsattsarin duka a kai asibiti. Sufagulu yana cin gefen karayar, ya sa ba za a iya haɗa ta daidai ba, gyara mai arha ya koma sabuwar roba. In ta fara rawa bayan shekara ɗaya ko biyu, ana yi mata sabon ciki da kuɗi ƙasa da na sabuwa. Man manna roba da ake sayarwa taimako ne na ɗan lokaci, in sai da shi kullum take zama, lokacin gyara ya yi. Da kulawa takan kai shekara 5 zuwa 10. A kai ta a duba sau ɗaya a shekara, ko da babu haƙori ko ɗaya a bakin.

Mataki na 12: Tsare haƙoran da suka rage a gidan

Haƙoran da robar ta jingina da su sun fi kowanne shiga haɗari, a goge su bayan an cire ta. Ga kowa a gida, sau 2 a rana, na dare shi ne wanda ba a tsallakewa. A duba jikin kwalin man goge baki a ga yana da fuloraid, sinadarin da ke kare haƙori daga ruɓa, an rubuta 1000 zuwa 1450 ppm. Mai arha da mai tsada aikinsu ɗaya in lambar ta kai. Yaro ƙasa da shekara 3 a shafa masa kamar ƙwayar shinkafa, daga 3 zuwa 6 kamar ƙwayar wake ƙarama, babba kuma ba ya buƙatar cika buroshi. A haka bututu ɗaya zai daɗe. Bayan gogewa a tofar kawai, kada a kurkure da ruwa, don maganin ya zauna.

Asuwaki yana cire datti sosai in an bi kowane haƙori ciki da waje, a riƙe shi da rana, man fuloraid kuma safe da dare. Sukari kuwa yawan sau nawa ya fi yawan cokali illa: shayi mai zaƙi da ake kurɓa tun hantsi har la'asar, ko alawar da yaro ke tsotsa duk fita, ya fi abin zaƙin da aka ci lokaci ɗaya tare da abinci ɓarna. Ranar 20 ga Maris ce ranar lafiyar baki ta duniya, likitocin haƙori sukan yi duba kyauta a makarantu da asibitoci a wannan makon. A saurari sanarwa a rediyo, a kai yara a duba musu turamen nan na shekara 6.